Tsinken Tsintsiya da Ƙafar Ɗan'azumi

Duk Bahaushen da ya zauna a Batha a shekarun da kuɗin mai ya fara tumbatsa a Riyadh, idan ka ce masa Ɗan'azumi, zai iya tambayarka wanne. Amma ka ce Ɗan'azumi mai ƙafa, sai ya yi dariya ya gyara zama. Ba wani ƙaton mutum ba ne. Gajere ne ma, kakkaura, da 'yar furfura a haɓa, kuma ba ya son hayaniya. Sai dai ranar rabon tafin ƙafa da alama shi ya riga kowa isa, ya ɗebi nasa ya haɗa da na maƙwabta. Tsawonta daidai da na kowa, faɗin ne abin kallo. Yatsun a baje suke, kowanne ya kama gabansa, babban kuwa ya ware gefe guda kamar wanda ya yi fushi da 'yan'uwansa.

A Tungar Sambo aka haife shi, wani ƙauyen masunta a bakin Kwara, can ƙasar Yawuri. Cikin watan azumi ya zo duniya, sunan kuma ya bi shi. Tun yana rarrafe yake cikin taɓo. Ƙafar da ta tashi tana damƙe bakin kwalekwale, tana laluben ƙasan kogi, tana tokare santsi idan ana jan taru, ina za ta koyi tsukewa? Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa sa takalmi ba. A tunga babu wanda ya ga aibin ƙafar Ɗan'azumi, domin ƙafar aiki ce. Rekiya ma, wadda ta zama matarsa, da aka tambaye ta ko tana sonsa, cewa ta yi mutumin da igiyar ruwa ba ta kayar da shi ai ya isa a dogara da shi.

Sai aka datse kogin. Ruwa ya dinga hawa a hankali, ya cinye gonakin fadama, ya cinye maƙabarta, ya cinye tsamiyar da ake ɗaure jirage, har Tungar Sambo ta koma ƙarƙashin tafki. An gina musu gidaje a kan tudu, kuma kifi bai ƙare ba. Amma wannan sabon ruwa Ɗan'azumi bai san shi ba. Duk gurbin da ya haddace tun yana yaro ya nutse, kuma tafkin jirgi mai inji yake so, shi kuwa ba shi da shi. Ya daure na wasu shekaru, daga baya ya sayar da jirginsa da tarunsa, ya ɗauki Rekiya suka tafi aikin Hajji. Da aka sauko daga Arfa alhazai suka fara haɗa kaya, shi ya rasa abin da zai koma ya tarar. A Makka ya haɗu da Lurwanu, wani matashin direban babbar mota ɗan Kwantagora, wanda ya ce masa a Riyadh ko makaho ya zo za a ba shi aiki.

Lurwanu bai yi ƙarya ba. Garin tamkar an kunna masa wuta a ƙasa: ka kwanta gefen fili, ka tashi ka tarar an haƙe shi. Ɗan'azumi ya sami kafili, wato mai tsaya wa baƙo a wurin hukuma, wani mai kamfanin gine-gine. Ta hannunsa aka yi masa iƙama, takardar zama, shi da matarsa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: aiki ya tafi, iƙama ta bi shi, mutum ya ɗaure kayansa. Suka kama ɗaki ɗaya a wani lungu na Batha, bayan masu sayar da barguna, Rekiya ta shiga soya ƙosai tana aika wa gwagwaren unguwa.

Masunci a garin da babu ko ƙorama, sai aka sa shi cikin masu baje kankare. Mota ta juye, su kuma su shiga ciki har ƙwauri suna ja da shebur da katako. Kowa ƙin aikin yake yi, shi kaɗai yake sonsa a ɓoye, don takun da ake yi a ciki irin na taɓon fadama ne, kuma ba a taɓa ganin ya zame ba. Matsalar ita ce siminti yana cin fata. Sauran ma'aikata wasu na da takalmin roba mai dogon wuya, wasu suna maneji. Shi kuwa kowace safiya sai ya naɗe ƙafafunsa da takardar buhun siminti, ya rufe da leda, ya ɗaure da igiya. Kafin azahar ƙunshin ya yage. Da yamma Rekiya ta dafa ruwa ta zuba gishiri a babban kwano, ya tsoma ƙafa yana cije leɓe, sannan ta shafe masa tsagar da mai. A waje kuwa takalmin taya yake sawa, wanda abokinsa Isiyaku ya yanka masa. Isiyaku Bazazzagi ne mai bakin tsiya, yana da banshar, wato rumfar facin taya, a bakin titin da ke fita kudu.

Haka ake tafiya har azumin wata shekara, lokacin da siminti ya cinye ƙafar wani ɗan Yaman abokin aikinsu, aka kwantar da shi asibiti. Mudir ɗin wurin, wato shugaban aikin, wani Bamisire mai tumbi wanda ba mugu ba ne amma ba ya maimaita magana, ya tara su a inuwar tankin ruwa. Ya ce bayan Salla za a fara zuba benaye, kuma daga ranar ba mai shiga kankare sai da takalmi. Ya nuna ƙunshin ƙafar Ɗan'azumi da baki, ya ce, "Ya hajji, mafi but, mafi shugul." Ko wanda bai iya Larabci ba ya gane: babu takalmi, babu aiki.

Kamfani ya kawo takalma buhu-buhu, kowa ya zaɓi nasa. Ɗan'azumi ya zauna a ƙofar sito, mai sito yana miƙo masa ɗaya bayan ɗaya har gumi ya jiƙa masa riga. Wanda ya yi daidai da tsawon, yatsu ma ba sa wucewa. Mafi girma a cikinsu ya karɓi rabin ƙafar ya tsaya cak. Ya zagaye kantunan Batha, ya gangara kasuwar Dira, masu kanti suna kiran maƙwabtansu su zo su gani. Mutumin da ya kai shekara hamsin bai taɓa jin kunyar jikinsa ba, sai ga shi yana jan wando yana rufe ƙafa idan ya zauna cikin mutane.

Lurwanu ne ya zo da labari mai daɗi. Lodi zai kai shi Dammam, bakin teku, kuma ya ce ya san wani kanti can inda Turawan aikin mai ke sayen takalmin shiga ruwa.

"Baba, wallahi ƙattai ne, ƙafarsu ta yi biyun tawa," in ji shi. "Ranar hutu sai su sa takalmin su tsaya cikin ruwa da 'yar sanda, a bakin ƙugiyar an ɗaura gashin tsuntsu. Su yini suna wurgawa. Wani ma in ya kama sai ya sake."

"Ya sake?" in ji Ɗan'azumi. "Kuma ya shiga ruwa amma ba ya son ya jiƙe? To me ya kai shi?"

"Nishaɗi, Baba."

"Allah ya kyauta. Amma in takalmin zai shige ni, su yi ta nishaɗinsu."

Nan Rekiya ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi idan za a aiki mutum kasuwa sayen takalmi. Ta jawo tsintsiyarta, ta zaro tsinke ɗaya mai ƙwari, ta sa maigida ya taka ƙasa, ta gwada daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ta karye ragowar. Lurwanu ya naɗe tsinken a hankici ya sa a aljihun gaba, yana ta alkawarin ko barci zai yi ba zai bari ya karye ba.

Ana saura kaɗan Salla ya dawo, fuska cike da fara'a. Takalma ne kore shar, dogaye har gwiwa, suna ƙamshin sabuwar roba. Ya kifa ɗaya ya ɗora tsinken a kan tafin, ga shi daidai, har da ɗan sarari a gaba. Rekiya ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ɗan'azumi ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Ta gangara wuyan takalmin lafiya lau, ta zo kwana, ta tsaya.

Abin haushi, manya uku masu hankali, babu wanda ya tuna cewa tsinke tsawo kaɗai yake aunawa. Rekiya da take shafa wa ƙafar nan mai kowace yamma, Lurwanu da ya sha yi mata dariya, da mai ƙafar kansa da ya gama shan wahala a kantunan Dira saboda faɗi, duk suka miƙa wuya ga tsinke don haka aka saba yi a gida. Kuma a gida yana aiki, tunda yawancin ƙafafun da ake aunawa ba irin ta Ɗan'azumi ba ne.

Da a nan ya faɗi gaskiya da abin ya zo da sauƙi. Amma ya dubi Lurwanu, yaron da ya ratsa hamada da tsinke a aljihu saboda shi, sai kunya ta rufe shi.

"Sun yi," in ji shi. "Sabo ne kawai. Roba ai tana saki."

Ranar da aka koma aiki bayan Salla, ya shafe ƙafafunsa da sabulu da man gyaɗa, ya kama bakin takalmin ya ja, Rekiya tana turawa ta ƙasa, har suka shige. Yatsun da ba su taɓa haɗuwa ba suka hau kan juna. Ya fita yana taku kamar mai tafiya a kan ƙaya. Mudir ya gan shi ya ɗaga masa babban yatsa. Da hantsi yana jin zugi. Da rana ta take, robar ta ɗauki zafi, ƙafar ta kumbura a ciki, ya daina jin yatsunsa sam. Sai ga Ɗan'azumi, wanda Kwara ba ta taɓa kayarwa ba, ya tafi luu ya zauna daɓas a tsakiyar kankare.

Aka ciro shi aka wanke shi da tiyo. Ƙarti biyu suka kama takalmin suna ja, shi yana salati, amma takalmin ko motsi bai yi ba. Mudir ya tsaya a kansa yana girgiza kai. Ya ce ya je ya yi jinya, ranar Asabar za a zuba babban bene, in ya zo da takalmin da zai iya aiki da shi, bismilla, in babu, halas, shi ke nan, shi ba zai ɗauki alhakin ƙafar wani ba. Aka ɗora shi a bayan akori-kura aka kai shi wurin Isiyaku, don shi ne mai wuƙar da ke yanka roba.

Isiyaku ya buɗe baki zai fara tsiyar da ya saba, ya ga fuskar abokinsa, ya haɗiye. Ya sa wuƙa a hankali ya tsaga kowane takalmi daga wuya har kan yatsu. Ƙafafun suka fito sun yi fari fat, sun yi jawur a gefe. Ɗan'azumi ya dube su, ya dubi takalman da aka ɓata, sai hawaye. Ba zafin ne ya sa shi kuka ba.

"Isiyaku, ƙafar nan ita ta ci da ni tun ina yaro," in ji shi. "Yau ita za ta kore ni daga garin nan. Kuma in an kore ni, ina zan kai Rekiya? Garinmu yana ƙarƙashin ruwa."

Isiyaku ya ajiye wuƙar. Ya zuba takalman a buhu ya rako shi gida.

Kwanakin da suka biyo baya a ɗaki ya yi su, ƙafa cikin kwanon ruwan gishiri. Lurwanu ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri, Ɗan'azumi ya ce shi ne da laifi da ya ce sun yi. Rekiya kuwa ta kasa sakewa.

"Malam, ni na jawo," in ji ta. "Na auna maka tsawo na bar faɗi, kamar ban san ƙafar ba."

"Bar shi, Hajiya. Ni da nake ɗauke da ita ma ban tuna ba."

Ta zazzage buhun don ta ga ko robar za ta yi wani amfani, takalmi ɗaya ya faɗo gefen kwanon ya wangale. Ɗan'azumi ya ƙura masa ido. Ya daɗe yana kallo, har ruwan ya huce. Abin da ya gani jirgin ubansa ne. A tunga, idan icen da aka samu siriri ne, ba a yar da shi. Tsaga shi ake yi gida biyu, a sa falanki a tsakiya, a huda a ɗinke da igiya, a cusa tsumma a liƙe da danƙo. Jirgin da ya yi ƙuruciyarsa a ciki haka aka yi shi, kuma ya ɗauki buhunan gero bai sha ruwa ba. Ya ce wa Rekiya ta miƙo masa takalminsa na taya, zai je wurin Isiyaku.

"Tsaya tukuna," in ji ta. Ta yago bakin wani tsohon zane, ta zagaye ƙafar da shi ta wurin da ta fi faɗi, ta ƙulla. Ta sake zagayewa ta kan idon sawu, ta ƙulla. "Ka kai masa wannan. Ni da tsinke kuma har abada."

Isiyaku ya saurari bayanin yana sosa ƙeya.

"Kai, ni mai faci ne, ba masassaƙin jirgi ba."

"Taya ba ta riƙe iska in ka liƙe ta?"

"Tana riƙewa."

"To abin da ya riƙe iska zai gagara riƙe ruwa?"

"In na ɓata fa?"

"Ai ka riga ka ɓata, da wuƙarka. Gyara nake nema."

Isiyaku ya yi dariya, ya ce to a kawo ƙafar gwamna. Ya shimfiɗa wani ɓallen tsohuwar taya, Ɗan'azumi ya taka da dukkan nauyinsa, yatsu suka baje yadda suke so, aka zagaye su da alli. Daga nan aka yanka sabon tafi. Suka ƙarasa tsaga takalman, Isiyaku ya yanko tsiri daga tiyub ɗin babbar mota, faɗinsa daidai da abin da ƙullin Rekiya ya nuna. Ɗan'azumi ya karɓi basilla ya yi ɗinkin da kansa, irin ɗinkin jirgi, ƙulli bayan ƙulli. Isiyaku ya bi kowane layi da gam da faci, ya danne da ƙarfen zafi. Rumfar ta cika da warin ƙonanniyar roba, masu motoci suna jira suna masifa.

A kowane banshar akwai kwamin ruwa inda ake tsoma tiyub a ga inda yake yoyo. Nan suka gwada. Na dama ya riƙe, na hagu ya sha ruwa ta dunduniya. Suka bushe shi suka sake liƙewa, ya koma yoyo ta wajen babban yatsan nan mai fushi. Sai a karo na gaba ya yi shiru. Ɗan'azumi ya zura ƙafafunsa duka biyu, suka shige ba sabulu ba mai, ya motsa yatsunsa a ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya taka cikin kwamin ya tsaya. Ruwa ne baƙi ƙirin mai warin taya, bai kai gwiwa ba, amma rabonsa da tsayawa cikin ruwa tun Kwara. Ya ji sanyinsa ya kewaye masa ƙwauri ta bayan roba, daɗi ya kama shi har ya rufe ido.

"Fito mana," in ji Isiyaku. "Ko kifi kake jira?"

Ranar Asabar ya isa wurin aiki, aiki ya tsaya. Takalma ne rabi kore rabi baƙi, faci a kan faci, tafinsu da zanen taya, faɗinsu kamar faifai. 'Yan Yaman da 'yan Sudan suka kewaye shi suna tafi. Mudir ya zo ya zagaya shi, ya tsuguna duk da tumbinsa ya latsa ɗinkin da yatsa.

"Esh haza, ya hajji?" in ji shi, wato mene ne wannan.

"But," in ji Ɗan'azumi.

Mudir ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma shi ba kyau ya dame shi ba. Ya sa aka cika rabin duro da ruwa, ya ce ya shiga. Ɗan'azumi ya shiga ya tsaya, yana jin kowane ƙulli da ya yi da hannunsa. Mudir ya kunna sigari, bai ce ya fito ba sai da ya shanye. Aka shimfiɗa busasshiyar takardar siminti, ya cire takalman ya taka. Da ya ɗaga ƙafa, babu ko ɗigon danshi a takardar.

"Yalla, shugul," in ji mudir, wato maza a kama aiki, ya juya yana kiran motar kankare.

Shekaru ya yi yana aiki da takalman nan. Suna hujewa, Isiyaku yana liƙewa, har koren ya kusa ɓacewa cikin faci. Benaye da yawa a garin an baje su da wannan taku. Wasu masu faɗin ƙafa, waɗanda da suke cusa tasu suna shiru, suka fara zuwa banshar da takalmansu a hannu, Isiyaku kuwa ya dinga cika baki wai shi ya ƙirƙiro.

Amma abin da Rekiya ta fi son bayarwa labari shi ne yammacin wannan Asabar ɗin. Tun la'asar ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta ajiye kwano da kwalbar mai a bakin ƙofa kamar kullum, ta kasa zaune ta kasa tsaye, don ba ta san da wane labari zai shigo ba. Ta ji takunsa tun daga bakin lungu, fat, fat, yara na biye da shi. Ya ƙi cire takalman a wurin aiki, da su ya ratso Batha cikin zafin nan. Ya yi sallama ya zauna a kan tabarma. Ya zare na dama, ya zare na hagu, ya miƙo mata ƙafafun. Ta duba tsakanin yatsu, ta duba dunduniya, ta shafa tafin. Babu sabuwar tsaga ko ɗaya.

"Gobe ma da aiki?" ta tambaya.

"Da aiki, Hajiya. Har jibi."

Ta ɗauki kwanon ruwan gishirin ta fita da shi, ta watsa a lungu. Da ta dawo ta ga tsinken nan a kan taga, inda Lurwanu ya bar shi cikin hankici. Ta warware, ta jawo tsintsiyarta ta soke shi cikin 'yan'uwansa, sannan ta share garin simintin da maigidanta ya shigo da shi.